Ƙafa Marar Inuwa

A Damazin, shekarar da muke aikin madatsa,
ni ɗan Mai Wurno, mai dakon siminti,
shi kukun Sinawa, tsoho Gwo,
siriri kamar muciya,
haƙori guda na azurfa, saura sun yi ƙaura.

Larabcinsa bai cika cokali ba,
Hausata ba ta sami ƙofa a kunnensa ba.
Ya gan ni bayan la'asar na naɗe dama da igiya,
ina jibgar buhun yashi, ina kirari.
Ya ajiye albasa. Ya yafito ni.

Na ce, Baba, dambe ba yankan kabeji ba ne.
Ya ɗaga tsumman goge tukunya,
ya kaɗa shi daidai girata.
Idona ya bi tsumma, kamar kaza ta ga fara.
Sai ga ni zaune a ƙasa,
ƙwauri yana ƙuna, sama tana juyawa,
Tukur direba yana dariya har da riƙe taya.

Wallahi ban ga ta tashi ba.
Rana na nan, ƙasa fara fat,
amma ƙafar ba ta bar inuwa ba.

Wata bakwai ina biyan shi da gasasshen kifin kogi.
Ya nuna kafaɗa: kada ta yi tsegumi.
Ya nuna ido: aika shi gabas, kai ka tafi yamma.
Hannu maroƙi ne, yana sama yana shela,
ƙafa tana ƙarƙashin zance, ba ta sallama.

Na tambayi Malam Hamidu a masallacin kasuwa,
ko wannan ha'inci ne.
Ya kurɓi shayi ya ce, yaƙi ɗan zamba ne,
amma kada ka kai ta wurin awo.

Daren ƙarshe ban san na ƙarshe ba ne.
Ya cika mini kwano da taliya, ya ƙara yaji,
ya ɗaga hannu sama, ya ce bukra, bukra.
Na bi hannun da ido. Na tafi na kwanta.

Da asuba murhu ya huce,
motar Hartum ta daɗe da wucewa.
Tsummansa kaɗai a kan ƙusa.

Na tsaya ina shafa ƙirji.
Shekara nawa ke nan, wurin bai daina ƙuna ba,
kuma har yau ban ga ta tashi ba.