Rumbu Biyu, Tiya Ɗaya

Sha ɗayan dare, Zango ta yi tsit,
sai ni da fanka da shayin da ya huce.
Yau ba rubutu nake ba,
dako nake.

Tsohon rumbu yana Birni, ofishin Malam Barmu,
inji guda ƙarƙashin tebur, an tokare shi da bulo.
Shi lissafinsa a jere yake
kamar jarkoki a bakin famfo:
gyara na dubu huɗu da sha biyu, sai na sha uku,
ba mai tsallake wani.

Sabon rumbu na yaran jami'a ne.
Kowa da nasa a jaka, kowa da reshensa,
su yanka, su ɗinke, su warware jiya
yadda tela ke warware wuyan riga.

Ni ne a tsakani, da tiya ɗaya.

Fasuma ta taɓa layi na tamanin da bakwai,
wurin da ake cike kuɗin ruwan Garin Malam.
Malam Barmu ma ya taɓa shi da azahar,
bai san ta riga shi ba,
ko shi ya riga ta,
don rumbu ɗaya na bin agogon Yamai,
ɗayan yana baya da awa guda.
Ita ta ce rabin dala a cike shi sama.
Shi ya ce ƙasa.

Inji bai san wa ya girmi wa ba.
Ya aje su biyun gabana, ya naɗe hannu.

Ina cikin awo wuta ta ɗauke.
Rabin hatsi ya isa, rabi yana hanya,
na zauna da hasken waya ina ƙirga abin da ya zube.

Na buga wa Malam. Muryar barci:
“Ƙasa. Akwai tsohuwar da ke kwance bakin zane kafin ta biya.”
Na rubuta wa Fasuma.
“To ƙarshen wata wa zai cike giɓin?”
Ita ma da gaskiyarta.

Na ɗauki layinsa, na bar tambayarta a samansa
da sunanta, kada gobe a ce ba wanda ya yi ta.

Wuta ta dawo dab da kiran farko.
Na auna nan, na auna can: daidai, ko ƙwaya.
Zai kai ƙarfe takwas haka,
kafin wani ya buɗe jakarsa.