Kunnen Ƙarfe a Rufin Shasha

Kwana tara ke nan ina kan benen Iya Morenike,
a Shasha, inda jirgi ke sunkuyowa
kamar zai leƙa abin da ke cikin tukunya.
Na kafa sanda mai ƙafa uku, na ɗora makirfo,
na sa masa hular soso saboda iska,
na gwada shi da 'yar na'ura mai kuka ɗaya:
casa'in da huɗu. Kunnensa ƙalau.

A ofis an ce: Tanimu, lamba muke so.
Masu takardar shaida na tafe ƙarshen wata,
filin jirgi ba ya samun hatimi
sai an auna ƙarar da yake juye wa maƙwabta.

To, amma ƙa'ida ta ce jirgin kaɗai za a ji.
Wa zai ce wa Legas ta yi shiru?
Litinin janareton mai walda ya ɓata min awo.
Talata cocin bayan gida ta kwana da ganga.
Laraba ruwa. Alhamis iska ta wuce kima.
Juma'a yaron danfo ya tsaya daidai ƙarƙashina
yana kiran Oshodi kamar ta ci masa bashi.
Na soke, na soke,
har biro ya huda takarda.

A cikin jiran na fara awon da ba a aiko ni ba.
Malamar firamaren tsallaken kwata
takan tsaya a tsakiyar kalma, alli a sama,
daƙiƙa ashirin da biyu, na ƙirga,
sannan ta ɗauki kalmar daga inda ta ajiye.
Sau goma sha ɗaya kafin a tashi.
Ilu mai shayi, shekara talatin a bakin layin nan,
ba ya jin "madara kaɗan" sai ka nuna da yatsa,
amma yana gane jirgin kaya na biyun dare
daga rawar cokali a cikin kofi.
Jaririyar Nkem kuwa ƙarƙashin rugugin aka haife ta.
Ran da aka kai ta ƙauye, in ji uwar,
kwana ta yi tana tsala kuka,
shirun ne ya ba ta tsoro.

Takardata ba ta da gurbin waɗannan.
Lokaci, irin jirgi, gudun iska, desibel.
Shi ke nan.

Daren jiya aka kawo wuta.
Yara suka yi shewa, janareto suka mutu
ɗaya bayan ɗaya, kamar kwaɗi sun ji takun mutum.
Unguwa ta kwanta. Na ji numfashina.
Na ji ɗigon tankin ruwa.
Sai ga shi ta wajen Agege, fitila uku,
ya saki tayoyi, ya danne mu da murya,
kwanon rufi ya ɗauki ɓari, haƙorana suka amsa,
lambobi suka hau, suka hau, suka tsaya
ɗigo ɗaya ƙasa da jan layi.

Ɗigo ɗaya. Ya ci jarrabawa.
Abin da na gani na rubuta,
na'ura ba ta cin goro,
ni ma ban miƙa hannu ba.

Da safe ina naɗe waya Iya ta hawo,
tana haki, da ƙosai cikin tsohuwar jarida.
"Malam, me kunnen naka ya ce?
Za su rage mana, ko ƙari ke tafe?"

Na buɗe baki.
Na bakwai da kwata ya iso.
Muka tsaya muna kallon juna,
ita da ƙosai, ni da takarda,
daƙiƙa ashirin da biyu.

Da ya wuce ta gyaɗa kai,
ta ce ta ji.