Miyar Rohana

A Runjin Sambo, bayan shagon mai faci,
akwai ƙofa mai shuɗin fenti, ba allo, ba suna.
Tebur huɗu ne, ɗaya ƙafarsa bulo ce.
Nan Rohana ke dafa abincin Tailan.

Alhaji Jelani ya tafi Bankok sarin takalma,
ya dawo da takalman, ya dawo da ita.
Shekara tara da kai shi makwanci
ta ƙi komawa.
Ta ce tukunyarta ta saba da ruwan garin nan.

Ranar da na fara zuwa, rana ta sa kwalta laushi.
Na ce, "Hajiya, kada ki rage mini yaji,
ni da attarugu aka yaye ni."
Ba ta tanka ba. Ta dire kwano.

Romo ne fari-fari, kamar kunun gyaɗa ya tsinke,
da karan ganye a ciki, sai ka ce daga fadama aka yanko.
Cokalin farko, tsami.
Kafin in ce lemo, zaƙi ya shigo ba sallama,
gishiri na riƙe masa jaka.
Sai da na saki jiki na miƙe ƙafa
yaji ya taso daga maƙogwaro ya kama kunnena biyu.
Na tuɓe hula. Na laluba buta.
Ta turo shinkafa da bayan hannu:
"Ruwa ba ya raba wanga faɗa."

Wata uku ina zarya kafin ta yarda ta ba ni sirri.
A bayan rasit ta rubuta, da ajamin garinsu,
baƙaƙen da na sani tun ina wanke allo,
ina haɗa su, suna fita, ban san me bakina ke faɗi ba.

Asabar na shiga Tsohuwar Kasuwa,
na tsaya gaban Cika mai kayan yaji.
Na karanta na farko, na ce, "Sarai."
Ya ce, "Na ji ka sarai. Mi kaka so?"
Muka yi ta yi, har mai goro ya sa baki,
sai da na zaro guntun da na ɓoye a aljihu,
Cika ya murza, ya shinshina, ya yi dariya har da tari:
ashe ciyawar shayi ce,
wadda kakata ta dasa gindin randa don zazzaɓi.

Saiwar da ta ce, babu ita ko a mafarki,
na ɗauki ɗanyar citta a madadinta.
Mazarƙwaila ta tsaya wa sukarin dabino,
ɗoɗɗoya ta ari sunan wata 'yar'uwarta ta nesa.
Tsamiya ce kaɗai ba ta canza riga ba.
Ruwan kifi kuwa, kwalba guda,
sai direban Legas ya kawo ran Talata,
kuɗinta ya kai mudu biyar na gero,
warinta ya kori kyanwa, ya dawo da ita.

Na goge kwakwa har na goge yatsa.
Na dafa. Na rufe da faifai, na hau babur na kai mata.

Ta ɗanɗana. Ta daɗe tana kallon bango,
inda kalandar bara ke nuna wani teku.
Ta ce, "Wagga ba miyar garinmu ba ce."
Na sunkuyar da kai.
Ta ƙara cokali, ta ce, "Tawa ma ba ita ba ce.
Shekara ashirin ina lallashin citta ta zama wani abu."

Aka kira la'asar a masallacin layi.
Ta jawo kujera ta zauna,
ta shanye kwanon tas,
ta ce gobe in rage gishiri.