Ɗorawar Tsakiyar Gona

Mai tarakta ya kashe inji, ya sauko,
ya ce, "Malam Barau, ɗorawar nan tana sha mini mai,
kullum sai na kewaye ta kamar surukata."
Na ce ya kewaye.
Ni ma shekara arba'in ke nan ina kewaye ta.

Eka goma sha bakwai Baba ya bar mini a bayan Pambeguwa,
da shanu tara, da rafin da ba a raɗa wa suna ba.
Tara masara, uku waken suya,
biyu shanu ke kwana, suna biyan haya da kashi.
Ragowar ukun na bakin rafi
ɗana Tanimu yana ce musu asarar Baba.

Can gamba ke tsawo har ta shanye mutum.
Can zabin daji ke saka.
Kanya da faru da wani tsohon marke
sun riƙe gaɓa da saiwa
yadda ake riƙe hannun yaro ranar kasuwa.

Bara masu gawayi suka zo a babur biyu.
Abin da suka taya ya kai buhun taki takwas,
ga masarata ta fara rawaya.
Ban runtsa ba daren nan.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa.
Da asuba na je na tsaya gindin marken,
ban ce masa komai ba, na dawo.

Jatau maƙwabcina ya sallama nasa.
Ya yi rufin kwano, ina hango ƙyallinsa daga nan.
Cikin marka ruwa ya yanki kunya shida a gonarsa
ya wuce da su ko sallama babu.
Ban yi dariya ba.
Ɗakina na zuba, nasa ba ya zuba.

Idan rani ya tsananta
nakan buɗe wa shanu bakin rafin kwana ashirin,
ranar ashirin da ɗaya in ja ƙaya,
suna kuka, ina toshe kunne.

Har yau mai taki na bi na bashi.
Ladidi ta dafa kalwa, gidan duk warin daddawa.
Shekaranjiya na ga amya uku rataye a kan marken,
ɗaurin igiyar irin na Tanimu ne.
Bai faɗa mini ba.
Ni ma ban tambaya ba.