Wanda Ake Fara Kashewa

A Aboabo, in dare ya raba,
mai koko ta kife tukunyarta,
tiroto na ƙarshe ya sauke mutanen Kejetiya,
sai in jingina da buhun goron maigidana
in kunna waya, in shiga fagen yaƙi.

Mu goma sha takwas ne a rundunar.
Ban san fuskar kowa ba, murya kawai,
kuma ni ake fara kashewa.
Yatsun da suka shekara ashirin suna ƙirga ƙwarya
ba su iya gudu a kan gilashi ba.
Minti uku, na faɗi bayan wata katanga,
yara na dariya a kunnena:
Baba Isifu ya tafi lahira, a kawo tambaya!

Daga kabarin nan nake buɗe aji.

Mumuni, mai ɗinki a Asawase,
yana harbi yana haki:
Sidi dubu na ranta a waya,
ruwa kashi goma kowane wata,
in na kai wata uku, ɗari uku ne a kai, ko?
Na ce a'a, ɗari uku da talatin da ɗaya.
Talatin da ɗayan nan jika ne,
ruwa ya haifi ruwa kana barci.
Ya yi shiru har aka harbe shi,
ya zo ya kwanta kusa da ni.

Barikisu ba ta gaisuwa, sai ta gama da abokan gaba.
Atamfar shagona ta kai dubu ashirin,
zakka nawa?
Ɗaya cikin arba'in, ɗari biyar ke nan.
Nisabi kuwa, tambayi malamin unguwarku,
ni rabawa na sani, ban taɓa fatawa ba.

Sai ƙaramin cikinmu, Fuseni,
muryarsa ba ta gama fashewa ba.
Sun ce takobin zinariya ɗaya ne cikin akwati hamsin.
Na sayi hamsin cif da kuɗin makaranta,
ina takobina?
Na ce yaro, akwati ba ya tuna jiya.
Na hamsin bai san ka buɗe na farko ba.
Ya ce to cuta ce.
Na ce lissafi ne, cutar tana wajen mai sayarwa
da ya san ba ka sani ba.
Daren nan na koya masa raba dogon lamba
a bayan kwalin sukari, shi can, ni nan.

Sai damina ta zo da ciwon uwata.
Kwana tara ban mutu a hannun kowa ba.
Ina kan benci a babban asibiti
da takardar magani, ɗari takwas da hamsin,
ina juya ta kamar za ta ragu.
Wanda ya auna bashin kowa
ya rasa ma'aunin nasa.

Ran na goma na shiga don in ji muryoyi.
Ban san yadda bakina ya suɓuce ba.
Ba wanda ya ce sannu.
Harbi ya tsaya, na ji ana jan numfashi,
sai Fuseni, a hankali, kamar mai haye kwata:
Ɗari takwas da hamsin, mu goma sha bakwai.
Sha bakwai sau biyar, tamanin da biyar.
Hamsin hamsin ne, Baba, ko na ɓata?

Kafin asuba wayata ta yi ta kuka
kamar 'yan tsaki sun ga tsaba.

Na zauna na duba aikinsa, halin tsufa.
Rabon ya fita daidai,
amma ya manta ladan mai cire kuɗi a bakin titi.
Na cika daga aljihuna.
Shi ne kuskure na farko
da na gani a rundunar nan
ban ce uffan ba.