Hamzar Gwaggo Sa'a

Ƙarfe ɗayan dare a Gwammaja.
Janaretan maƙwabta ya yi shiru,
sai fankar kwamfutata ke huci
kamar tsohon da ya hau bene.

Aikin ba wani babba ba ne:
maɓalli guda, kore,
a ƙasan hoton dambun naman Gwaggo.
In mai saye ya danna, gaisuwarta ta fito.
Na danna. Shiru.
Na sake. Ko tari bai yi ba.

Na bi layin da ɗan yatsa
kamar mai neman allura a tabarma.
Ga alamar zance mai ƙafa biyu, na buɗe da ita,
ganuwa ke nan.
A cikinta ga mai ƙafa ɗaya,
zaure ke nan.
Can ciki na shimfiɗa wa sunanta buzu:
sa, sai hamza, sai a.

Ashe nan gizo ke saƙar.
Na'ura ta iso kan hamzar
ta ɗauka ƙyauren zaure ne,
ta ja, ta rufe,
ta bar rabin Gwaggo a waje
da sauran zancen duka, ba mai masauki.
Ita kanta na'urar
da hamza a tsakiyar sunanta,
ba ta dai sani ba.

Na tura wa Mubashshir saƙo,
shi ma idonsa biyu, can Ɗorayi.
Ya ce, share ta mana, wa zai lura?

Wa zai lura?
Matar da ke gane an rage mata citta
tun daga ƙofar gida?
In na fara sharewa, ina zan tsaya?
Sana'a na nan, jama'a na nan,
'ya'ya har biyu suka goyo,
addu'ar da take yi mini kullum
a kan wannan ɗan tsaikon maƙogwaro take dogarawa.

Sai na yi wa hamzar ɓad-da-kama,
na sa mata rigar lambobi, talatin da tara.
Mai gadin ganuwa ya gane ta,
ya tuɓe rigar cikin ladabi,
ya miƙa ta zaure yadda aka haife ta.
Ƙyaure ya sake rufewa.

Na sha ruwan randa. Na dawo.
Na jingina mata sanda a gabanta,
siririya, mai karkata baya,
ɗan rakiya da ba ya cewa komai sai:
wannan ba ƙofa ba ce, suna ne, a bar ta ta wuce.
Ta wuce.

Saura maganar Gwaggo da bakinta,
"Sai ka ɗanɗana,"
ita kuma da tata alamar mai ƙafa biyu.
Na jingina sanda, ganuwa ta rushe.
Mai gadin waje bai san yaren sanda ba,
riga yake ganewa.
Na mayar da rigar inda ta dace.
Kowace ƙofa da irin sallamarta,
ban san haka ba sai daren nan.

Ladanin masallacin layinmu yana gyara murya
na danna.
Sa'a ta ce, "Sai ka ɗanɗana."
Cikakkiya, ba gutsure.

Da hantsi na kai mata wayar,
tana daka, gyale a kafaɗa.
Ta share hannu a zani, ta danna da ɗan ali,
ta karanta a hankali, leɓe na motsi.
Ba ta ga sanda ba, ba ta ga riga ba,
ba za ta taɓa gani ba.

Ta ce, wannan ne ya hana ka barci?
Ta dumbuzo mini dambu a murfin kwano.
To, ka ƙara musu
akwai na kaza ranar Juma'a.