Ƙafar Tsuntsu

Shekara arba'in Varsenik na ɗakin littattafai a Yerevan,
fatar maraƙi a gabanta, tawada ta koɗe.
Bisa kowace kalma ƙugiya, ɗigo, ƙafar tsuntsu:
nan murya kan hau, nan ta sauka,
masu sanin hawan kuwa tuni ƙasa ta rufe.

Ta hau duwatsu da rikoda a jaka.
Wani mai kiwon zuma ya rera baiti guda,
ya ce gadon kakarsa ne.

Kunnen hagu ya mutu kafin littafin ya ƙare.
Ranar ritaya aka ba ta agogo.
Da dare tana ɓare rumman,
sai maƙoshinta ya kama
shafi na sha tara, layi na uku.